Matuƙin jirgi a Dubai: in aikin ya fara fita daga rai

Matuƙin jirgin sama da ya yi karatunsa a Zariya, ya tara awoyinsa tsakanin Legas da Abuja da Kano, sannan ya samu aiki a Dubai, watanninsa na farko a takardu suke ƙarewa. Lasisin NCAA, hukumar sufurin sama ta Najeriya, ba ya tuƙa jirgin da ke da rajistar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Sai an nemi na hukumarsu, GCAA, an zauna jarrabawar dokokin sufurin sama, an yi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, an kuma shiga simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙi. Gwajin iƙama daban ne: jini da hoton ƙirji, kafin katin shaidar zama, Emirates ID, ya fito. Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne ɗauko iyali. Auren da aka ɗaura a masallaci ba takarda ba ya shigo da uwargida. Sai an samo shaidar aure da ta haihuwar yara, an buga musu hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja da ofishin jakadancin Daular. A gama wannan tun kafin a taso.

Kuɗin dai akwai. Ba a cire harajin albashi, kuma dirhami a ɗaure yake da dala, wajen dirhami 3.67 a dala ɗaya. To me ya sa bayan shekara huɗu ko biyar sai ka ji kyaftin yana zancen ajiye hula?

Barci ne. Dubai mahaɗa ce, jirage da yawa tsakar dare suke tashi don fasinjan Turai ya haɗu da jirgin Asiya. Mai tuƙa gajeren zango yakan bar gida ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya kai Karachi ko Mumbai, ya juyo, ya sauka rana ta fito. Kenan yana kan aiki tsakanin ƙarfe 2 da 6 na asuba, daidai lokacin da jiki ya fi mutuwa. Mai dogon zango kuma agogon jikinsa ne ke rikicewa: yau Amurka, bayan kwana uku Ostireliya. Dokar Turai ta kayyade awa 100 na tuƙi a kwana 28 da awa 900 a shekara, ta yankin nan ma ba ta yi nisa da haka ba. Amma lissafin yana farawa ne daga motsawar jirgi zuwa tsayawarsa. Zuwa da wuri, duba yanayi, jiran fasinja da zaman ko-ta-kwana a gida duk ba sa cikin awa 900 ɗin. Abin da aka sa a matsayin iyaka kuwa, masu tsara jadawali sukan mayar da shi abin da ake so a cike.

Ga jarrabawa da ba ta ƙarewa: simuleta duk wata shida, likita duk shekara, daga shekara 60 kuma duk wata shida, a 65 a sauka. Hawan jini ko ciwon suga da bai ji magani ba yana iya dakatar da lasisi cikin rana ɗaya. Jadawali bai san Sallah ba, bai san suna ko ta'aziyya a gida ba, abin da ke cin Bahaushe fiye da yadda yake faɗa.

Bambancin baƙo da ɗan gida shi ne, a nan aiki da iƙama da gida da makarantar yara duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Babu ƙungiyar ƙwadago irin NAAPE, ta matuƙa da injiniyoyin jirgi a Najeriya, da za ta tsaya maka. An ga haka a 2020, lokacin korona, da kamfanonin yankin suka sallami matuƙa masu yawa: mutum ya rasa aiki, a 'yan makonni kuma ana batun kwashe kaya.

Wasu sukan ce a canza ƙasa kawai. Hangen Dala ke nan. A Amurka da Kanada matsayi bisa ranar shiga kamfani yake tafiya, don haka kyaftin mai awa dubu goma yakan koma kujerar dama ta mataimakin matuƙi, a ƙasan layi, hutunsa ma sai abin da na gaba suka rage. Turai na da jarrabawar rubutu 13 ga mai neman cikakken lasisin EASA, hukumar sufurin sama ta Tarayyar Turai, ko da yake akan sassauta wa masu awoyi da yawa zaman aji, ba jarrabawar ba. Birtaniya ta ware nata lasisin tun 2021. Duk wannan kuma bayan an samu izinin aiki ne, wanda kamfanonin can ba su cika nema wa baƙo ba.

Wanda ya yanke shawarar barin tuƙin, jerin matakan ne ke ceto shi. Ya fara karanta kwantiraginsa: wa'adin sanarwa, da sauran bashin horo. Kamfanin da ya biya kuɗin koyon wani samfurin jirgi yakan ɗaure mutum na 'yan shekaru, wanda ya tafi da wuri ya biya ragowar. Sai banki. Idan kuɗin sallama ya shiga, bankin da ke bin ka bashin mota ko na kati yana iya riƙe asusun, kotu ma tana iya hana mai bashi fita ƙasar. A biya, a karɓi takardar shaidar babu bashi, kafin a miƙa takardar ajiye aiki. A dokar ƙwadago, kuɗin sallama albashin kwana 21 ne na kowace shekara a biyar ɗin farko, kwana 30 bayan haka, kuma a kan gundarin albashi ake lissafi, ban da alawus. Wasu kamfanonin asusun ajiya suke da shi a madadinsa. Mai son ci gaba da zama ya nemi iƙamar da ba ta rataya a wuyan kamfani ba, kamar ta shekara 10 da ake ba wanda ya mallaki gida na dirhami miliyan 2. A daidaita tafiyar da ƙarshen zangon karatu, da kuma cakin hayan da mai gida ke riƙe da su.

Aikin da ya fi kusa shi ne koyarwa a simuleta: ba ya buƙatar shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, kuma a tsarin Turai ana neman awa 1,500 a jirgin matuƙa biyu. Sai dai na'urar dare da rana take aiki, sabon malami kuma shi ake ba zangon asuba. Akwai sashen kiyaye haɗurra, da tsara zirga-zirga, da aikin sufeto a NCAA ko bincike a NSIB, hukumar binciken haɗurra ta Najeriya, ga mai komawa gida, amma albashin ba ya kama ƙafar na tuƙi. Jirgin attajirai ya rage awoyi, ya ƙara zaman jiran waya.

Ƙofar komawa da sauri take rufewa. Kwana 90 ba tare da tashi uku da sauka uku ba, ba ka ɗaukar fasinja sai an sabunta ka, izinin samfurin jirgi kuma shekara guda yake yi, bayan nan daga aljihunka za ka yi hayar simuleta da mai jarrabawa. Kafin ranar ƙarshe, a sa ofishin matuƙa ya buga hatimi a littafin awoyi, a karɓi kwafin sakamakon simuleta biyu na baya da takardar shaidar ba ka taɓa yin haɗari ba. Da zarar an karɓe katin shiga ofis, samun waɗannan ta imel yakan ci watanni.