Kwalbatin bakin layinmu

Duk wanda ya tashi a unguwar Rikkos ko Gangare a garin Jos ba sai an ba shi labarin ambaliyar watan Yulin 2012 ba. Azumi bai daɗe da kamawa ba aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya biyo rafi ya faɗa gidajen mutane. Sama da mutum 30 suka rasu. Ina matashi a lokacin, amma har gobe in hadari ya taso daga gabas sai gabana ya faɗi.

Shi ya sa da abokaina suka kawo shawarar yashe kwalbatin bakin layinmu kafin damina ta kankama, ni na fara ɗauko shebur. Muka yi gayya wata Asabar, da manjagara da baro biyu na aro. Abin da muka zaƙulo sai wanda ya gani: ledojin fiya wata, robobin lemo, kunzugun jarirai, har da rabin katifa da ta sha ruwa, sai da mutum huɗu suka ja ta. Muka tara dagwalon a gefen kwata wai ya bushe, muka ɗauki hotuna muka sa a Facebook, aka yi ta sa mana albarka.

Ranar Talata aka yi ruwa, tarin nan kaf ya koma inda muka ciro shi. Tun daga ranar ba ma sa shebur a kwata sai mai kurar da zai kwashe yana tsaye.

Kuskurenmu na biyu ya fi wannan ban kunya. Muka shiga gida-gida muna wa mata wa'azin zubar da shara, ni ne ma mai dogon baki. Wata dattijuwa ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ɗan nan, ina ka tanadar mana mu zuba? Bola na can tsallaken titi. Yaron da muke aika da shara, kana jin zai kai can da daddare?" Na ce, "Gaskiyarki, Inna." Daga nan muka je wurin mai unguwa, liman ya yi sanarwa bayan sallar Magariba, aka daidaita da mai kura yana zagayowa sau biyu a mako, kowane gida na ba da ɗan abin da aka yanka. Wasu gidajen har yau sai an yi ta bin su, amma yawanci suna biya.

Saura masu zubawa cikin duhu. Muka yi karo-karo muka sayi fitilar sola mai araha muka kafa a kan kwalbatin. Araha ba ta ado. Da Agusta ta shigo, watan da a Jos za a kwana biyu rana ba ta leƙo sosai ba, kafin ƙarfe goma na dare ta mutu. Mai gyara ya zo ya yi mana dariya: batirin ƙarami ne, farantin kuma mun sa shi inda inuwar mangwaro ke rufe shi tun azahar. Ya matsar da shi fili, ya karkata shi kudu, ya ce mu riƙa goge masa ƙura lokacin hunturu. Yanzu mai shayi ya kafa teburinsa a ƙarƙashinta, kuma ba mai iya juye bokitin shara a gaban masu shan shayi.

Da rani muka kwashi yaran layi zuwa duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Yawon shan iska muka je, sai ga wani yaro ya tsiyaya ruwan gorarsa a kan falalen dutse, yana kallon yadda ya gangare ba tare da dutsen ya sha ko ɗigo ba. Ya ce, "Yaya, ashe duk ruwan nan wurinmu yake zuwa?"

Abin da ya gagare mu shi ne gidajen da aka gina a bakin rafi, waɗanda suka matse wa ruwa hanya. Ɗaya daga ciki na kawuna ne. Sau biyu ina zuwa da niyyar yi masa maganar, sau biyu ina ƙarewa da gaisuwa da tambayar jikin gwaggo.