Godiya ga jama'armu ta Jidda da Makka kan zaman tunawa da Ɗan Masanin Kano

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, zaman da muka shirya kan rayuwar marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya gudana lafiya daren Juma'a, kowa ya koma gida lafiya. A madadin kwamitin shiri, ina miƙa godiya ga duk wanda ya taka ƙafarsa ya zo.

Godiya ta farko ga Alhajin da ya ba mu aron istiraharsa, wato gidan shaƙatawarsa, bai karɓi ko riyal ɗaya ba, kuma ya hana a ambaci sunansa. Allah ya san shi. Iyayenmu mata na Karantina da Sabil, tun la'asar kuke kan murhu. Kabsa ta samu karɓuwa, amma tuwo da miyar kuka ne aka yi wa rubdugu har ƙasan tukunya. Allah ya saka da Aljanna. 'Yan'uwa na Shara Mansur da suka cika motoci daga Makka, da samarin da suka yi ta zagayawa da gahawa da dabino, sannunku da ɗawainiya.

Malamin da ya gabatar da tarihin ya ɗauko shi daga tushe: haihuwarsa a Kano a 1929, koyarwa a Midil, sannan shigarsa Majalisar Wakilai a Ikko a 1954 a tutar NPC, jam'iyyar Sardauna da sarakuna, bayan ya kayar da Malam Aminu Kano na jam'iyyar adawa ta NEPU. Ya zama mai tsawatarwa na majalisa, daga 1959 kuma ya riƙe ma'aikatar ma'adinai da wutar lantarki har juyin mulkin 1966. Man fetur na ƙarƙashin ofishinsa a shekarun farko na sayar da shi waje, amma ba a taɓa lissafa shi cikin attajiran Kano ba. Ni wannan ya ishe ni shaida a kan mutum. A 1978 ya nemi takarar shugaban ƙasa a NPN, Shagari ya samu, bai yi fushi ya fice ba. Ya je ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu.

Baba, dattijonmu na Hindawiyya, godiyarka daban ce. Kowa ya san ku 'yan NEPU ne tun kuna samari, kuma ba ku ɓoye ba. Da aka miƙa muku makirufo kun faɗi irin wuyar da 'yan sawaba suka sha a hannun 'yan doka da kotunan En'e, ba ku rage komai ba. Sannan kuka cire tabarau, kuka goge ido da bakin rawani, kuka ɗaga hannu kuka yi wa abokin hamayyarku addu'a mai tsawo. Wurin ya yi tsit. Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yaranmu haifaffun nan, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu. Da aka kunna muryar Ɗan Masani, suka ajiye wayoyi, suna taɓa iyayensu suna tambayar ma'anar karin maganar da ya jefo. Don su muka yi wannan zama, kuma iyayen da suka kawo su sun kyauta ƙwarai.

Allah ya yi wa Ɗan Masani rasuwa ranar 3 ga Yuli 2017 a wani asibiti a Alƙahira, bayan shekaru yana hidimar jama'a ba ya gani. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, tare da iyayenmu da suka riga mu. Wanda bai ji an ambace shi ba ya yi haƙuri, kuna da yawa. Faifan zaman zai shiga zaurenmu na WhatsApp da zarar samari sun gama gyara sautinsa.