Kafin Ki Yanki Tikitin Zanzibar, Ki Tambayi Iska da Wata

Tun da na sa hotunan tafiyarmu zuwa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya a WhatsApp, ƙawaye da masu sayen turarena tambaya ɗaya suke yi mini: nawa kuka kashe? Har yau ba wadda ta ce, a wane wata kuka je? Ni kuwa da na je sau biyu, garin ɗaya, masaukin ɗaya, na dawo da labari biyu da ba su yi kama da juna ba, ina ganin wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi.

Zuwan farko a Afrilun 2024 ne, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah. Duk wanda ya yi azumin shekarar a Gombe ya san abin da aka sha. Zafi yana dosar 40, katifa kamar an sauke ta daga kan murhu, mu da yara muna kwana a tsakar gida muna yayyafa wa tabarma ruwa. Tun kafin azumi maigida ya ce, "Hajiya, in Allah ya nuna mana Sallah, za ki je ki ga tekun nan da kike ta magana, ki kuma sayo kanumfarinki daga tushe." Da muka duba masauki a intanet muka ga kuɗin Afrilu ya yi ƙasa sosai, sai muka ɗauka sa'a ce. A lissafina, tunda mu muna bazara, su ma bazara suke, sai dai su suna da ruwan da za su shiga.

Daga Abuja muka tashi, muka sauya jirgi a Addis Ababa, muka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Daga nan mota ta ɗauke mu zuwa Nungwi, garin masunta da ke can ƙuryar arewacin tsibirin, tafiyar kusan kilomita 60. Tun a hanya ruwa ya tare mu.

Ruwanmu na nan yana sallama kafin ya shigo. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, mata su kwashe shanya a guje, ya zuba, ya ɗauke, gari ya yi wasai. Nasu ba haka yake ba. Ki farka da asuba ki ji shi a kan rufi, ya tsagaita da hantsi har ki ɗauki mayafi, kafin ki kai ƙofa ya dawo. Abayar da na wanke ranar Talata, har Juma'a da laima a jikinta. Takalmin fata na maigida ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Abin da ya fi ci mini rai shi ne turaren wutar da na zo da shi, haɗin hannuna, wanda a gida ɗan kaɗan ke cika ɗaki: gawayin ya sha sanyi ya ƙi kamawa, ashana tana ta karyewa. Tekun da na baro Gombe dominta kuwa, launin toka ta yi, ita da sama ba ki bambance inda ɗaya ta ƙare.

Wata dattijuwa ce ke kula da gidan da muka sauka, jikanta yana yi mana tafinta da Turanci. Ranar da ta same ni zaune a baranda na zuba wa ruwan ido, ta zauna kusa da ni ta ce, wannan masika ce. Ta ƙirga mini shekararsu a yatsu huɗu. Masika, babbar damina, daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, kuma Afrilu ne tsakiyarta, abin da mu za mu kira marka. Sai kusi, iskar kudu, daga Yuni zuwa wajen Oktoba, lokacin rani mai sanyi-sanyi. Sai vuli, ƙaramar damina, a Nuwamba zuwa cikin Disamba. Sai kaskazi, iskar arewa, daga Disamba zuwa Maris, lokacin zafinsu ke nan. Ta ce a masika wasu otal-otal ma rufewa suke yi su yi gyara, shi ya sa waɗanda ke buɗe suke karya farashi. Nan na gane arahar da muka gani.

Dalilin ba wani mai wuya ba ne da zarar an faɗa miki. Mu a arewacin ikwaita muke, Zanzibar kuma a kudancinsa, cikin Tekun Indiya, don haka kalandarmu ba ta aiki a can. Mu da ruwan sama muke raba shekara, su kuwa da iska. Iskar nan ce ma ta gina tsibirin. Shekaru aru-aru jiragen ruwa masu tanti suna tasowa daga Oman da Indiya idan kaskazi ta kaɗa, su sauke kaya su zauna jira, idan kusi ta juyo ta mai da su gida. Ta wannan hanyar ce Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, ya kuma matsa a kan noman kanumfari. Su karafuu suke ce masa, mu kanumfari, duka daga Larabci. A bakin ruwan Nungwi har yanzu ana sassaƙa irin jiragen nan da hannu. Na tsaya cikin yayyafi na kalli wani kafinta yana cusa auduga tsakanin katako biyu da kurfi da guduma, don kada ruwa ya shiga.

Ban yi nadamar zuwan ba. Garin ya yi kore shar, ba cunkoso, kuma a kasuwar Darajani da ke cikin tsohon birnin Zanzibar na sayi kanumfari da kirfa a natse, mai shagon yana da lokacin da zai buɗe mini buhu-buhu in shinshina. Amma wadda ta tara kuɗin adashinta na shekara don ta ga teku, ba zan ce mata ta je a Afrilu ko Mayu ba, ko da kyauta aka ba ta ɗakin.

Zuwa na biyu da Yayata muka yi, a farkon Agustan 2025, lokacin da Gombe ke tsakiyar damina. Wallahi kamar an sauya garin. Sama fes, rairayin fari tas har yana kashe ido, ruwan kuma launi biyu, kore-kore daga kusa, shuɗi mai duhu daga nesa. Ni da babban ruwan da na sani shi ne na Dadin Kowa, sai da na zauna a ƙasa na yi ta tasbihi. Da rana akwai zafi amma ba mai dafa mutum ba, bayan magariba kuwa har Yaya takan ce, "Miƙo mini gyalen nan, iskar nan ta fara shiga ƙashi." Wanki da safe, ninki kafin la'asar. Nungwi da maƙwabciyarta Kendwa sun ɗan fake daga iskar kudu, don haka ruwansu a kwance yake. Wanda zai tsallako ta jirgin ruwa daga Darussalam, birnin da ke gaɓar Tanzaniya, tafiyar wajen awa biyu, shi ne zai ji kusi a jikinsa, domin teku takan yi tsalle a watannin nan, gara ya bi na safe. Sai dai ki sani Yuli da Agusta Turawa ma suna hutu, kuɗin masauki yana hawa, ɗaki mai kyau kuma sai an kama tun da wuri. Da zan sake zaɓa don kaina, Satumba zan ɗauka: yanayin bai sauya ba, jama'a sun ragu.

Akwai abu na biyu da ba a rubutawa a tallan tafiya, kuma mu Musulmi mun fi kowa sauƙin gane shi, tunda dama muna ƙirga kwanan wata. Teku tana cika ta janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Ƙarfin cikar da janyewar yana bin wata. A tsayuwarsa da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, ruwa yana cika maƙil ya kuma janye da nisa, su suna kiran wannan bamvua. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa motsin kaɗan ne, suna ce masa maji mafu, wato mataccen ruwa.

Mun sauka bakwai ga Safar. Ranar sha huɗu muka ɗauki mota zuwa Jambiani a gabashin tsibirin, Yaya ta shirya tsaf za ta tsoma ƙafa. Muna isa ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ke, ina ruwan ya tafi?" Ya ja baya har sai kin ƙanƙance ido kike hango farin kumfarsa. A filin da ya bari, mata ne birjik, zaune cikin ruwa iya ƙugu ko iya gwiwa, sun kafa turaku jere-jere sun ɗaura igiyoyi, suna noman wata ciyawar teku da suke kira mwani, wadda ake busarwa a sayar, har sabulu ake yi da ita. Ɗaya ta miƙo mini reshe, na taɓa, santsi gare shi da kauri kamar ɗanyen rogo ƙarami. Ni wannan ranar ta fi mini kowace daɗi, don na ga mata 'yan'uwana suna neman na kansu, da zanensu da ɗankwalinsu. Amma wanda wanka ya kawo shi, sai ya jira awanni kafin ruwa ya dawo. A Nungwi zurfin yana kusa da gaɓa, ba ya guduwa da nisa haka, shi ya sa na fi ba masu yara shawarar can. Kuma idan mai kwale-kwale ya ce miki saa moja, ba ƙarfe ɗaya yake nufi ba, bakwai na safe ne, don su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ma ana zuwa, kuma na san dalilin da zai ja mutumin Gombe: mu muna fama da hazo da ƙurar hunturu, leɓe na tsagewa, su suna rana. Amma zafinsu mai gumi ne, zufa ba ta bushewa, ba irin namu ba da ake samun sauƙi a inuwar dalbejiya. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne mafi tsada a duk shekara, gara a bari sai tsakiyar Janairu. A kuma duba azumi, domin a shekarun nan yana faɗowa ne cikin Fabrairu da Maris. Mutanen tsibirin kusan duk Musulmi ne, gidajen abinci da yawa a cikin gari ba sa buɗewa da rana, kuma azumi cikin wannan gumin ga baƙo ba wasa ba ne. Nuwamba kuwa ruwan vuli yakan zuba ya ɗauke, mai haƙuri zai iya cin ribar arahar.

Duk watan da kika zaɓa, ki koma baya ki fara shiri da wuri. Mu 'yan Najeriya sai mun nemi biza kafin mu tashi, kuma tana ɗaukar lokaci, ga katin rigakafin shawara da za a tambaya. Don tafiyar Agusta, tun Mayu muka fara.

Yanzu Inna nake lallaɓa. Duk hunturu tari yake hana ta barci, ina so in kai ta a tsakiyar Janairu ta yi ko kwana goma tana shaƙar iskar da ba ƙura. Ta ce sai na tabbatar mata akwai masallaci kusa da masaukin. Na ce mata daga barandar dattijuwar nan ana jin kiran sallar asuba, ta ce to, in bari ta yi shawara da Baba.