Katin Da Na Saya Bai Yi Laifi Ba

Ƙannena masu tara kuɗi don haɗa kwamfutar wasa, ku zauna ku ji yadda na yi ɓarnar nawa, ko kwa tsira da naku.

Wata da watanni na yi ina tari har na sayi katin hoto, wato GPU, mafi ƙarfi da aljihuna zai iya ɗauka. Na zo na cusa shi cikin tsohuwar kwamfutata mai tsohon CPU, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, na buɗe wasan da ya daɗe yana wahalar da ni, na shiga tsakiyar birnin da ke cikinsa inda mutane da motoci suka yi cunkoso. Hoton yana nan yana jan ƙafa kamar jiya. Na sauke saitin daga ƙololuwa zuwa ƙasa, wasan ya yi muni, amma saurinsa bai motsa ba. A daren nan na zagi katin, na zargi wanda ya sayar mini, har na fara neman kwalin in mayar. Wani abokina da ke sana'ar zanen kwamfuta ne ya yi mini tambaya ɗaya: "Katin kashi nawa yake aiki?" Da na duba, ko kashi biyu cikin uku bai kai ba. Zaune yake yana jiran a ba shi aiki.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma shi nake so ku riƙe, shi ne duk wannan harka ta lokaci ce. Idan kana son hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, raba 1000 gida 60: milisakan 16.7 ke gare ka don kammala hoto guda. In 30 kake so, kana da 33.3. In 120 ne, 8.3 kacal. Kowane hoto sai ya bi ta hannu biyu. CPU ne ke fara lissafa inda kowane abokin gaba ya nufa, yadda mota za ta daki bango, abin da ka danna, sannan ya miƙa wa GPU jerin abin da zai zana. Idan CPU ya cinye milisakan 25 a nasa aikin, ko katin duniya ka saka ba za ka wuce hoto 40 ba. Gwajin da na yi cikin fushi, ashe shi ne gwajin da ya kamata in yi kafin in fitar da ko sisi: sauke yawan ɗigon da ke cikin hoton can ƙasa, ka ga ko sauri ya ƙaru. In ya ƙaru, katin ne ya gaza. In bai ƙaru ba, matsalarka tana wani wurin.

Maimakon in gyara wancan wurin, sai na yi dabara irin ta mai rabin ilimi. Na ji an ce babban allo yana ɗora wa kati nauyi, na ce to bari in ba shi aikin da ya dace da girmansa. Na sayi allon 4K. Allon da nake da shi a da 1920 ne sau 1080, ɗigo 2,073,600. Sabon kuwa 3840 sau 2160, ɗigo 8,294,400, ninki huɗu cif. A hoto 60, wannan kusan ɗigo miliyan 500 ke nan da za a lissafa launinsu kowace daƙiƙa. Katin ya samu aiki kam, har ya fi ƙarfinsa. Na koma ina da matsala biyu: cikin gari CPU ya riƙe ni, cikin daji da ciyayi da hazo katin ya riƙe ni. Akwai matsakaicin allo, 2560 sau 1440, ɗigo kusan miliyan 3.7, wanda a kan tebur, da tazarar da mutum ke zama, ya wadatar da ido. Na tsallake shi don lambar ba ta da daɗin faɗa a gaban abokai. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A kan wannan allon ne na san ciwon da ya fi kowanne ban haushi, wato in'inar hoto. Lambar da ke kusurwar allo, mai ƙirga hoto nawa ke fita a daƙiƙa, tana nuna 60, amma da na juya kyamara sai komai ya ɗan tsaya, sannan ya zabura. Lambar nan matsakaici ce, kuma matsakaici yana ɓoye laifi. Hotuna hamsin da tara suna iya fita a kan kari, guda ɗaya ya ɗauki milisakan 100, lissafi ya ce lafiya lau, idonka da hannunka kuwa sun ji tuntuɓen. Nawa dalilin ma'ajiyar katin ce, wadda ake kira VRAM. Duk fatar da aka lulluɓe abubuwa da ita, tsagar bango, saƙar riga, tsatsar ƙarfe, a nan ake ajiye ta. Idan ta cika, sai a riƙa ɗebowa daga RAM, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfutar kanta, ta hanyar da ta fi jinkiri nesa ba kusa ba, kuma kowane ɗebowa tuntuɓe ne. Lokacin saye ban ko kalli wannan lamba ba. Ku ku kalle ta. PlayStation 5 da Xbox Series X, da suka fito a Nuwambar 2020, kowanne yana da ma'ajiya GB 16 da CPU da GPU ke rabawa, kuma manyan wasanni da yawa a kan awonsu ake ɗinka su. Shi ya sa kati mai GB 8 yake iya samun ƙarfin lissafi amma ya shaƙe idan aka ɗora masa fata mafi kauri. Maganin kyauta ne: sauke saitin fata mataki ɗaya. Na yi makonni ina ƙin yin haka.

Me ya hana ni? Girman kai. A ganina, tunda na biya, dole kowane saiti ya tsaya a ƙarshe. Alhali matakin ƙarshe sau da yawa ba don injin yau ake sa shi ba. Wasan Crysis na kamfanin Crytek na Jamus ya fito a 2007, kuma ya yi suna ne saboda kwamfutocin zamaninsa ba sa iya ɗaukarsa a ƙololuwa, har abin ya zama zolaya tsakanin 'yan wasa shekara da shekaru. Inuwa, hazo mai kauri da nisan ciyayi su ne manyan masu cin lokaci. Ka sauke su daga na ƙarshe zuwa na biye da shi, ka ɗauki hoton allo kafin da bayan, ka jera su. Ni da na yi, sai da na kusa manna hanci a allo kafin in ga bambanci, kuma wannan a tsaye ne, ba ana harbina ba.

Sai maganar bin sawun haske, wadda a kanta na yi kuskure ta fuska biyu. Tsohuwar hanyar zane ita ce a gina komai da ƙananan alwatika, a shimfiɗa su a kan allo, a fente su. Tana da sauri, amma haskenta duk dabara ce. Ku lura da ruwa a wasanni da yawa: gini yana bayyana a cikinsa, da ka sunkuyar da kyamara ginin ya fita daga allo, sai surarsa ta ɓace daga ruwan, domin daga abin da ke kan allo ake kwafo ta. Bin sawun haske kuwa yana harba zare daga ido zuwa cikin duniyar wasan, ya bi shi ya ga me ya daka, ina ya karkata. Tunanin tsoho ne. Wani masanin kwamfuta mai suna Turner Whitted ya wallafa shi a 1980, lokacin da hoto guda ke cin fiye da awa ɗaya a babbar kwamfuta. Sai a 2018, da NVIDIA ta fito da katunan RTX masu sashe na musamman don wannan lissafi, aka fara cusa shi cikin milisakan 16.7, kuma da ƙyar yake shiga.

Abin da ke ba shi wuri shi ne faɗaɗa hoto: DLSS na NVIDIA, FSR na AMD da ya zo a 2021, XeSS na Intel a 2022. Katin yana zana ƙaramin hoto, sau da yawa a haɗa shi da bayanan hotunan da suka gabata, a cike gurbin. A allon 4K, matakin inganci na DLSS daga 1440 yake zanawa, matakin sauri kuma daga 1080. Na daɗe ina kiran wannan ha'inci, ina cewa ni ɗigo na gaskiya nake so, kamar inuwar da nake kallo tun ina yaro ba dabara ba ce. Da na kunna shi, allon da ya zame mini alaƙaƙai ya zama abin amfani. Inda nake ja muku kunne shi ne ƙirƙirar hoton tsakiya, wadda ta zo da DLSS 3 a 2022. Tana saka hoto tsakanin hotuna biyu na ainihi, lamba ta ninka, motsi ya yi santsi a ido. Amma wasan ba ya jin abin da ka danna a wannan hoton. In asalin saurinka 30 ne, allo zai ce 60, hannunka zai ci gaba da jin nauyin 30, har da ɗan ƙari.

Ta ɗaya fuskar kuma, da na ƙosa da abin, sai na shawarci wani ƙanena ya sayi tsohon kati marar sashen nan na musamman da ke cikin katunan RTX, na ce masa bin sawun haske kwalliya ce kawai. A Disambar 2024 wasan Indiana Jones and the Great Circle ya fito, a Mayun 2025 kuma Doom: The Dark Ages, dukansu ba sa tashi sam sai da kati mai wannan sashe. Har yau in mun haɗu sai ya tuna mini.

Akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan cikin kwamfuta lantarki, ban tsaya kansa ba sai da kwamfutar ta fara mutuwa tsakiyar faɗa. Araha ba ta ado. Manyan katuna suna da ci: RTX 4090 na tebur an rubuta masa wat 450, kuma katuna kan yi fizgar wuta ta ɗan lokaci sama da abin da aka rubuta. Masu son laftof kuma ku sani suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne. RTX 4090 na laftof GB 16 gare shi, na tebur 24, kuma wutar da na laftof ke sha ba ta kai rabin ta na tebur ba. In zafi ya taru, injin da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, shi ya sa minti goma na farko ba sa gaya maka gaskiya. Ka gwada bayan awa guda.

A ƙarshe CPU na canza, da allon uwa, wato faifan da ake dasa CPU da sauran kayan a kansa, da RAM, abin da ya kamata in fara da shi. Na cire lambar da ke kusurwa na sa zanen da ke nuna milisakan na kowane hoto, layi ne da nake so in gani a miƙe ba tsini. Katin nan da na zaga a daren farko shi ne a cikin kwamfutar har yanzu. Inuwa tana mataki na biyu daga sama, fata ma haka, kuma a birnin nan mai cunkoso yana aiki kusan kashi ɗari.