Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lokacin da na koma karatu da kunne

Kawu, Allah ya jiƙansa, yakan ce, "Littafin da ba ka ja masa layi da fensir ba, ba ka shiga ba, ta ƙofarsa ka wuce." A kan wannan magana na tashi. Har yau in ka buɗe tsofaffin littattafaina za ka ga gefensu ya yi baƙi da rubutu.

A makon jiya na tsaya inda likita ya ce yanar ido ta fara rufe mini idon dama. Autanmu ne ya sa mini littafin sauraro na farko a waya, ya cusa mini iyafis da hannunsa. Wani ƙagaggen labari ne da sau biyu ina ajiye shi a takarda saboda ya gundure ni. Amma mai karantawar, kafin ya faɗi mutuwar yaron, sai ya yi shiru, na ji ya ja numfashi. Wallahi sai da na zubar da hawaye. Sa'a 14 ne, na gama shi cikin kwana huɗu.

Na biyu kuwa ɓata mini rai ya yi. Littafi ne da nake ƙauna tun ina saurayi, kuma uwar da ke ciki da muryar Inna nake jin ta. Sai ga wata ta ba ta murya mai tsiwa, kamar mai faɗa a bakin ƙofa. Na kashe. Har yanzu in na tuna matar, waccan muryar ke rigan ta Inna zuwa, abin yana ci mini rai. Littattafan tarihi ma kunne bai riƙe mini su ba. Shekara ta wuce, sunan sarki ya wuce, babu taswira, babu gefen da zan ja layi. Nan maganar Kawu ta dawo mini: ta ƙofa na wuce.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne na Yaya. A gaban 'ya'yana ya ce, "Ai kai yanzu ka daina karatu, tatsuniya ake yi maka." Shi da tun da muka tashi ban taɓa ganin ya kai ƙarshen littafi ba! Ban tanka ba, don yayana ne. Daga baya na gano cewa tun 1878, shekara guda bayan ya ƙera na'urar naɗar murya, Thomas Edison ya ambaci karanta wa makafi littafi cikin amfaninta. A 1935 kuma aka fara naɗar littattafai a faifan garmaho a Ingila, har da sojojin da suka rasa idanu a Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin masu amfana. Su ma tatsuniya ake yi musu, Yaya?

Na ma tuna, a ciwonsa na ƙarshe ni nake karanta wa Kawu. Yana kwance, ido a rufe, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Tsaya ɗana, ja mini layi a nan." Na ja masa kuwa. Littafin yana wajena.

Bayan an yi mini aikin ido na koma takarda, amma iyafis ɗin yana aljihuna. Yadda muka ƙare da Yaya a kan wannan magana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.