Talata: falle ɗaya ya kusa tsere mini

Yau kwana tara ke nan ina zaune gaban madubin ƙara girma, ina tsintar yashi ƙwaya-ƙwaya da jiƙaƙƙen bakin burushi. Lakar da muka jiƙa ta narke, an wanke ta a rariya mai ido rabin milimita, an shanya. Abin da ya saura, inda nake neman fallayen wata dabbar teku mai suna kaiton, ɗan garin ɓawo ne da bai cika tafin hannu ba, amma ya haura shekara miliyan goma a ƙasa, tun zamanin da ake kira Miyosin.

Duk wanda ya tambaye ni mene ne kaiton, nakan ce masa ɗan uwan dodon koɗi ne na teku, sai dai shi ba gida ɗaya ya goyo ba. Fallaye takwas ne jere a bayansa, kowanne ya ɗan hau kan na bayansa: na kai, shida na tsakiya, sai na wutsiya. Wani ɗamara na tsoka ne ya riƙe su. Kaiton yana manne da dutse yana kankarar gansakuka da haƙoran da aka shafe da ma'adinin ƙarfe mai maganaɗisu, abin da Heinz Lowenstam ya gano a 1962. Duk wannan labari ne ga mai irin aikina. Da dabbar ta mutu tsoka ta ruɓe, ɗamarar ta saki, ruwa ya watsa fallayen kowanne ya kama gabansa. Ni abin da ke isowa teburina ke nan, sulke ba mai shi, kuma a warwatse.

Da hantsi na ƙirga abin da na tara: na tsakiya ashirin da bakwai, na kai huɗu, na wutsiya biyu kacal, ɗaya ma ya gutsure. Dangin ba su ba ni wahala ba. Kowane falle hawa biyu ne, na sama mai ado da na ƙasa mai santsi wanda gefensa ke nitsewa cikin tsoka, kuma a gefen nan akwai tsagogi da ake ƙirgawa. Biyar a na kai, ɗaya a kowane gefe na na tsakiya, biyu a na wutsiya. Wannan lissafin Acanthochitona ne, sunan da masanin dabbobi Gray ya raɗa wa dangin tun 1821. Masu rai daga cikinsu suna da tukkayen ƙaya a jikin ɗamara, amma wa zai ba ni su?

Rigimar tana kan ƙurajen da ke saman falle. A jikin fascicularis, wani jinsi na dangin nan, ƙanana ne, zagayayyu, a cunkushe. A jikin ɗan uwansa crinita sun fi girma, kamar ɗigon ruwa. Nawa kuwa dogaye ne, a jere suke bi da bi daga ƙololuwa zuwa gefe, da tazara tsakaninsu. Kwana uku ina kallonsu ina jin daɗi a raina, ina ganin sabon jinsi na samu, har na fara juya sunaye a baki. Ba zan rubuta ko ɗaya a nan ba, don sunan da ya fita ba tare da cikakken bayani ba tsirararsa yake, ba shi da matsayi a dokar raɗa wa dabbobi suna.

Wajen azahar Malam ya leƙo. Ya zauna, ya gyara madubin daidai idonsa, ya yi shiru har na fara ƙosawa. Can ya ce, "Me ya tabbatar maka fallayen kan nan na wannan dabbar ne?"

Na ce, "Malam, a laka ɗaya na same su."

Ya ce, "Haka ne. Kai da maƙwabcinka ma ƙasa ɗaya kuke takawa."

Abin ya sosa mini rai, amma da na koma na duba, ƙurajen biyu daga cikin huɗun zagayayyu ne. Na gan su tun ranar Juma'a, na ce wa kaina gogewa ce ta ruwa. Idona ya ga abin da zuciyata ke so. Ya kuma tuna mini cewa falle na biyu ba ya kama da na bakwai ko a jikin dabba ɗaya, kuma ado yana sauyawa tsakanin ƙarami da babba. Mutum na iya ɗaukar uwa da ɗanta ya raba su jinsi biyu, ko ya haɗa baƙi biyu ya ƙaga dabbar da ba a taɓa yi ba. Ni na biyun na kusa aikatawa.

Muka ja magana kan samfurin asali, wato fallen da sunan zai rataya a wuyansa har abada. Tun daga shekarar 2000 dole ne mai raɗa suna ya ayyana shi ƙarara, kuma in a intanet mujallar ke fitowa, tun 2012 sai an yi wa aikin rajista a ZooBank, kundin rajistar sunayen dabbobi. Malam ya fi son na tsakiya, don suna da yawa, ana iya nuna yadda suke bambanta. Ni na wutsiya nake so, saboda shi ne ke da ɗan tudun nan da matsayinsa ke raba jinsi da jinsi, ga tsagoginsa biyu lafiya lau. A wannan kam ban sauka ba, kuma har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya. Falle ɗaya tak ake zaɓa, gara a zaɓi wanda ya fi magana.

To, shi wannan fallen da na gama yi wa kirari shi ya kusa kashe ni da la'asar. Tsawonsa bai kai milimita uku ba. Na ɗauko shi zan liƙa a kan ƙusar na'urar lantarki mai ɗaukar hoto, burushin ya bushe ban lura ba, sai ji na yi ƙyas, ya yi tsalle. Na daskare a kujera, ko ƙafa ban motsa ba. Na kashe fanka, na kwantar da tocilan a gefen tebur don haske ya bi ƙasa-ƙasa, na bi tebur taƙi-taƙi, na bi cinyata, na bi naɗin hannun rigata. Kusan minti arba'in. A ƙarshe a tsagar littafin rubutuna na same shi, kwance rigingine, tsagogi biyun suna kallona. Da hannuna ya daina rawa na mayar da shi kwalba na rubuta lamba har sau biyu.

Hotunan da muka samu na na tsakiya sun fito da ƙananan huda a kan kowane ƙurji, hanyoyin da jijiyoyin ji suke bi su leƙo waje lokacin da dabbar ke raye. A wasu dangin, irin su Acanthopleura granulata, wasu daga cikin waɗannan sun zama idanu na gaske, da ƙwayar gani ta aragonayit, ma'adinin da aka gina ɓawon da shi. Nawa ba idanu ba ne, amma tsarin hudar abu ne da za a ƙirga a gwada, kuma shi zan yi amfani da shi wajen shari'ar fallayen kai.

Kafin in tashi na raba su kwalba biyu. Biyu masu dogayen ƙuraje na bar su da sauran, da alamar tambaya a fensir. Biyu masu zagayayyu na rubuta musu sunan dangi kawai. Akwai sauran jaka uku na laka da ba a wanke ba, na jiƙa ɗaya a bokiti na rufe, ko Allah zai sa a dace da wata wutsiyar.