Tambayar da Ta Mayar da Ni Gidajen Nima

Lokacin da na samu gurbin digiri na biyu a fannin nazarin yawan jama'a a cibiyar RIPS ta Jami'ar Gana da ke Legon, wadda gwamnatin Gana da Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1972, lissafi kaɗai nake tsoro. Zagayen gidaje kuwa ban ɗauke shi a bakin komai ba, domin a Nima, wata unguwar zango a birnin Accra inda Hausawa suke da yawa, aka yanke cibiyata, kuma da Hausa na buɗi baki.

Bincikena a kan mace-macen ƙananan yara ne, bisa hanyar da masanin nazarin yawan jama'a William Brass ya ɓullo da ita: a san yawan yaran da mace ta taɓa haifa da rai, a san nawa suka rage, sannan a yi ƙiyasi gwargwadon shekarun uwa. Da na zo tsara tambayoyin da Hausa, sai na rubuta abin da kowa yake faɗa: "'Ya'ya nawa gare ki?" Ban gwada ta a kan kowa ba, saboda ina ganin harshena ne.

Bayan makonni ina shiga lunguna daga Nima zuwa Mamobi, na zuba amsoshin a kwamfuta, sai ga sakamakon da ke nuna kamar yara ba sa mutuwa a zango. Malamin da ke duba aikina bai yi faɗa ba, ya ce kawai in maimaita masa tambayar yadda na yi ta, kalma bayan kalma. Tun kafin in kai ƙarshe jikina ya yi sanyi.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta ƙarasa wayar mini da kai. Ta ce, "'Yata, kin tambaye ni waɗanda nake da su, na faɗa miki. Waɗanda suka koma ai ba ki tambaya ba." Jarirai biyu ta binne kafin ranar suna, kuma a wurinta wanda ba a raɗa wa suna ba ba ya shiga lissafi. A cikin waɗanda ta ƙirga mini akwai ɗan riƙo, ɗan ƙanwarta. Wasu matan kuma sun tsallake ɗan fari saboda kunya. Duk wannan na san shi tun ina yarinya, kuma abin da yake ci mini rai ke nan har yau: a gidanmu ma haka ake yi, amma na bar shi a bakin ƙofa ranar da na ɗauki takarda da biro.

Dole na koma gida-gida, da kuɗin aljihuna, kuma kammala karatuna ya ja baya. A karo na biyu na bi tsarin da binciken lafiya na ƙasa, irin na 2022, yake bi: waɗanda kika haifa suke tare da ke, waɗanda suke wani wuri, sannan a hankali a tambayi ko akwai wanda ya yi kuka ko ya motsa bayan haihuwa amma bai rayu ba. Ɗalibin da zai yi aiki a zango ya fara gwada tambayoyinsa a gaban tsofaffin mata, kuma kada ya yi ta ƙarshen nan a tsakar gida gaban kishiya ko suruka. Ni a ɗaki nake yin ta, bayan gaisuwa mai tsawo, kuma idan uwa ta ambaci wanda ya koma, sai na ce Allah ya sa mai ceto ne kafin in rubuta.